Tambayar Izini a Kwamfuta: A Rage Ta ko a Ƙara Mata Ƙarfi?

Duk wanda ya taɓa saka sabuwar manhaja a kwamfuta mai aiki da Windows ya san abin da ke biyo baya. Allon zai dushe, komai ya tsaya cak, wani ƙaramin akwati ya bayyana a tsakiya yana tambaya ko ka yarda wannan manhaja ta yi canje-canje a na'urarka. Amsa biyu ce kawai, eh ko a'a. Kamfanin Microsoft ya raɗa wa wannan tsari suna User Account Control, ana taƙaita shi da UAC, kuma tun 2007 da ya shigo hannun jama'a ake ja-in-ja a kansa. Wasu na ganin ɓata lokaci ne da takura wa mai kaya a kan kayansa. Wasu kuwa sun ce cire shi daidai yake da miƙa kwamfuta ga duk wanda ya ga dama.

Da yake Windows ta bar wa mai kwamfuta zaɓin ya rage tambayar, ko ya ƙara ta, ko ya rufe mata baki gaba ɗaya, muhawarar ba ta tsaya a tsakanin masana ba. Ta shafi malamin makaranta mai kwamfutar tafi-da-gidanka, da mai shagon buga takardu, da ma'aikacin ofis, da uban da 'ya'yansa ke aro kwamfutarsa su yi aikin gida. Kowanne ɓangare yana da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yanke hukunci ba sai an saurari duka biyun.

Daga ina tambayar ta samo asali?

A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, kusan kowa yana amfani da kwamfutarsa ne da asusun admin, wato asusun da ke da iko a kan komai. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, duk manhajar da ka buɗe tana gadon ikonka. In kai admin ne, to wasan yara da ka sauko da shi daga intanet shi ma admin ne: yana iya goge fayilolin Windows, ya kashe manhajar tsaro, ya dasa kansa inda ba za a gan shi ba.

An ga misalin haka ƙarara a 2005. Kamfanin waƙoƙi na Sony BMG ya sayar da faifan CD masu ɗauke da wata manhaja ta hana kwafa, wadda ke shigewa can cikin Windows ta ɓoye kanta ba tare da an fayyace wa mai kwamfuta haƙiƙanin abin da take yi ba. Wani masani mai suna Mark Russinovich ne ya tona asirin a watan Oktoba na shekarar, ba a jima ba kuma masu miyagun manhajoji suka fara amfani da maɓoyar tata suna ɓoye nasu. Abin da ya sauƙaƙa mata shiga shi ne masu kwamfutocin admin ne, kuma babu wani shinge tsakanin ikonsu da duk abin da suka sa a na'ura.

Windows Vista ta zo da sabuwar dabara. Ko da kai admin ne, idan ka shiga kwamfuta Windows za ta ba ka shaidar iko guda biyu: ƙarama ta aikin yau da kullum, da babba wadda take ajiyewa. Rubutu, lilo a intanet, kallon bidiyo, duk da ƙaramar ake yi. Sai an zo taɓa wani abu da ya shafi na'urar baki ɗaya, kamar rubutu a cikin Program Files, ko saka direban firinta, ko sauya saitin tsaro, sannan a tambaye ka ko a fito da babbar. In kuwa asusunka na gama-gari ne, danna eh ba ta wadatarwa, sai an shigar da kalmar sirrin admin.

A Vista zaɓin da aka sa a gaban talaka biyu ne, ko a kunna ko a kashe. Windows 7, wadda ta fito a watan Oktoban 2009, ita ta kawo ma'aunin nan mai hawa huɗu da har yau yake nan a Windows 10 da 11. Ana samunsa ta hanyar rubuta UAC a wurin bincike na Start. Hawa na sama yana tambaya a kowane lokaci, ko manhaja ce ta nemi canji ko kai da kanka ne kake sauya saitin Windows. Na biyu, wanda kwamfuta ke zuwa da shi, yana tambaya ne kawai idan manhaja ce ta nema. Na uku kamar na biyu yake, sai dai allon ba ya dushewa. Na ƙasa kuwa ba ya tambaya ko kaɗan. A kan waɗannan hawa huɗu ake ta gardama.

Hujjojin masu cewa a rage

Hujjarsu ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce sabo. Suka ce ɗan Adam ba ya iya riƙe hankalinsa a kan gargaɗin da yake gani kullum. Ranar farko zai karanta, bayan mako guda hannunsa ne ke amsawa kafin idonsa ya kai ga rubutun. Alƙaluman Microsoft da kansa sun mara musu baya: a 2008 injiniyoyin da ke shirya Windows 7 sun bayyana cewa wajen kashi 90 cikin 100 na tambayoyin Vista da eh ake amsa su. A 2010 kuma wasu masu bincike a Jami'ar British Columbia da ke Kanada sun gwada masu amfani da kwamfuta, suka tarar kashi 69 cikin 100 ba sa mu'amala da tsarin yadda ya kamata, kuma dukkansu da asusun admin suke aiki. Masu wannan ra'ayi suka ce sabo turken wawa ne. Tambayar da aka riga aka san amsarta ba ta kare kowa, sai dai ta koya wa mutum ya riƙa amincewa da duk abin da allo ya nuna masa, har da gargaɗin da ya kamata ya tsorata shi.

Ta biyu, ita kanta tambayar ba ta ba mutum abin da zai yi hukunci da shi. Tana nuna sunan manhaja da sunan wanda ya sa mata hannu, ta ce za a yi canje-canje. Waɗanne canje-canje? Ba ta faɗa ba. Akwatin yakan zo da launin shuɗi idan an tabbatar da mai manhajar, da ruwan ɗorawa idan ba a san shi ba, amma wannan ma ba ya raba gardama. Matashin da ya rubuta manhajar lissafin kanti mai kyau, bai da kuɗin sayen takardar shaidar sa hannu, zai fito da ruwan ɗorawa. Ita kuwa Stuxnet, muguwar manhajar da aka gano a 2010 tana lalata na'urorin nukiliyar Iran, da shaidar sa hannu ta sata daga kamfanoni biyu na Taiwan, Realtek da JMicron, ta yi amfani. To ta yaya za a ɗora wa akawu ko ɗalibi hukuncin da ko gwani sai ya yi bincike kafin ya yanke?

Ta uku, abin da ya fi daraja a kwamfutar mutum ba a bayan wannan tambaya yake ba. Kundin digirinka, hotunan iyalinka, lissafin kasuwancinka, kalmomin sirrin da burauza ta adana maka, duk suna cikin asusunka ne, kuma manhajar da ke aiki da ƙaramin iko tana iya kaiwa gare su ba tare da allo ya dushe ba. Manhajar garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle takardun mutum ta nemi kuɗin fansa, ba ta bukatar zama admin kafin ta kulle abin da ke cikin Documents. Bairos ɗin nan na filashi da ya addabi shagunan buga takardu, wanda ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, yawancin nau'o'insa ba sa neman izinin kowa. Ita ma WannaCry, da ta gurgunta asibitoci a Birtaniya a watan Mayun 2017, ta wata ɓaraka a hanyar sadarwar Windows ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ba ta jira wani ya danna eh ba.

Ta huɗu, suka ce ku ji daga bakin mai kayan. Russinovich, wanda ya koma aiki da Microsoft a 2006, ya rubuta a 2007 cewa ba a ƙera wannan tambaya don ta zama iyakar tsaro ba. Har yau a ƙa'idojin kamfanin tana cikin jerin ƙarin kariya ne, abin da ke nufin idan wani ya gano hanyar kewaye ta, kamfanin bai ɗaure kansa da fitar da gyaran gaggawa ba. A taron tsaro na RSA da aka yi a San Francisco a 2008, wani jami'in kamfanin, David Cross, ya fito fili ya ce an sa tsarin ne don ya dami masu amfani, ta yadda za su matsa wa masu rubuta manhaja su gyara aikinsu. Masu neman a rage suka ce ashe da talaka aka yi bulala don a hori wani, kuma wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin ya ce ya isa.

Ta ƙarshe ta shafi aiki. Mai gyaran kwamfuta da zai saka manhajoji da direbobi a na'urori da yawa a yini ɗaya yana ganin tambayar fiye da kima. Akwai ofisoshin da har yanzu suke dogara da tsofaffin manhajoji na zamanin XP, waɗanda ba sa tashi sai da ikon admin, don haka kowace safiya sai an amsa. A tsohuwar kwamfuta mai rauni, dushewar allon kan ɗauki daƙiƙoƙi ana jira. Wanda ke taimakon wani daga nesa ta intanet kuma yakan ga allonsa ya daskare da zarar akwatin ya fito, sai na can ya amsa. A Vista abin ya kai ga ƙirƙirar folda ɗaya a wuri mai kariya na jawo tambaya huɗu, sai a gyaran 2008 aka mai da su ɗaya. Har kamfanin Apple ya yi tallar talabijin a 2007 yana zolayar wannan hali, inda wani dogari ke katse kowace magana yana neman a soke ko a amince.

Hujjojin masu cewa a bari, ko ma a ƙara

Su kuma ɗaya ɓangaren ba su musa cewa muguwar manhaja na iya ɓarna da ƙaramin iko ba. Abin da suka ce shi ne ɓarna ta fi ɓarna. Wadda ta tsaya a asusun mutum ɗaya, manhajar tsaro na iya ganinta ta cire ta. Wadda ta samu ikon admin kuwa tana iya kashe ita kanta manhajar tsaron, ta saka direbanta a zuciyar Windows, ta buɗe wa kanta sabon asusu, ta karanta fayilolin duk masu amfani da na'urar, ta kwashe kalmomin sirrin da za ta shiga sauran kwamfutocin ofis da su. Hatta masu garkuwa da fayiloli suna matuƙar son wannan iko, domin Windows kan ajiye kwafin baya na fayiloli, kuma share wannan kwafi, wanda shi ne ke toshe wa mutum hanyar dawo da kayansa ba tare da biya ba, sai da ikon admin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma girman tsagar shi ke nuna ko gyara za a yi ko rushewa za a yi a sake gini. Mai gyara ya san bambancin kwamfutar da za a wanke cikin awa ɗaya da wadda sai an goge komai.

Hujjarsu ta biyu ita ce darajar tambayar ba ta cikin waɗanda kake tsammani, tana cikin wadda ta zo maka ba zato. Idan ka danna fayil ɗin saka manhaja, ka san za a tambaye ka, kuma eh ce amsar da ta dace. Wannan ya sa alƙaluman kashi 90 ba su da ban tsoro kamar yadda ake nunawa, domin akasarin tambayoyin na halal ne. Amma a ce an turo maka wani abu da sunan takardar ɗaukar aiki, ko rasit ɗin banki, ko hoton biki, ka buɗe, sai allo ya dushe. Takarda ba ta neman ikon admin. Hoto ba ya nema. Ba sai mutum ya karanci kimiyyar kwamfuta zai gane wannan ba. Ƙa'ida ce da za a iya koya wa yaro ɗan firamare cikin minti biyu. Wanda ya kashe tambayar ya jefar da wannan alama, kuma babu wata da za ta maye gurbinta a daidai wannan lokaci.

Ta uku, suka ce masu suka suna faɗa ne da Vista, alhali Vista ta wuce. Dabarar matsa wa masu manhaja ta yi aiki. Microsoft ya bayyana cewa manhajoji da ayyukan da ke jawo tambayar sun ragu daga fiye da dubu 775 a watan Agustan 2007 zuwa kusan dubu 168 bayan shekara guda. Masu rubuta manhaja sun daina ajiye bayanai a wuraren da ba nasu ba, sun daina neman iko don abin da bai kai ya kawo ba. A yau mai rubutu da lilo da kallo yana iya shafe kwanaki bai ga akwatin ba. Wahalar da ake sha ta ragu ƙwarai, kariyar kuwa tana nan.

Ta huɗu, rage tambayar ba ya tsayawa a kan tambayar kaɗai. Dushewar allon da wasu ke ɗauka ado ne tana da aiki: Windows na ɗauke akwatin ta kai shi wani keɓaɓɓen allo inda manhajojin da ke gudana ba sa iya taɓa shi, ko su rufe rubutunsa da na ƙarya. Wanda ya sauko hawa na uku ya bar akwatin a fili ɗaya da manhajar da ake tambaya a kanta. Hawa na ƙasa kuwa, tun daga Windows 8 ta 2012, ma'anarsa ita ce duk manhajar da ta nemi ikon admin a ba ta nan take, ba tare da mai kwamfuta ya sani ba. Masu shiga rajistar Windows su kashe EnableLUA, wato makunnin tsarin baki ɗaya, sun fi kowa asara, domin suna kashe har da dabarar da ke karkatar da rubutun tsofaffin manhajoji zuwa wuri mai aminci, wato abin da ke sa irin waɗannan manhajoji su yi aiki ba tare da cikakken iko ba.

Ta biyar, wannan ba ƙirƙirar Microsoft ba ce. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka rubuta ƙa'idar cewa kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da zai wadatar. Masu Unix suna da sudo, umarnin neman ikon admin na ɗan lokaci, tun wajajen 1980, daga baya masu Linux suka gaje shi, Ubuntu kuma, wani nau'in Linux, tun fitowarta a 2004 ta kulle babban asusu ta ce a riƙa neman iko a lokacin bukata. Kwamfutocin Apple na neman kalmar sirri ko zanen yatsa. Android, tun siga ta 6 a 2015, tana tambaya kafin manhaja ta taɓa kyamara ko lambobin waya. Da tsarin banza ne, da abokan hamayya ba su taru a kansa ba.

Inda gardamar ta karkata

Akwai wani abu da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, amma suka fassara shi daban, kuma a nan ne nake ganin ma'auni ya rinjaya. Lokacin da Microsoft ya so rage ƙorafi a Windows 7, sai ya ba wasu manhajojinsa na cikin gida damar ɗaukar ikon admin da kansu ba tare da tambaya ba, muddin ma'aunin na hawa na biyu ko ƙasa da haka. Tun ana gwajin Windows 7 a farkon 2009, wasu matasa biyu masu bin diddigin Windows, Long Zheng da Rafael Rivera, suka nuna cewa ƙaramin rubutun umarni na iya sauke ma'aunin zuwa ƙasa ba tare da an tambayi kowa ba. Kamfanin ya fara kare kansa, daga baya ya amince ya gyara wannan. Amma tushen matsalar ya zauna. A 2016 Matt Nelson ya nuna yadda ake hawa kan Event Viewer, ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji na cikin gida, a samu iko. Bayansa aka gano irin wannan hanya ta wata manhajar cikin gida mai suna fodhelper, kuma a farkon 2020 aka ga TrickBot, manhajar satar bayanan banki, tana amfani da ita a kan jama'a.

Hawa na biyu kamar maigadi ne da aka ce masa kada ya binciki 'yan gida. Ɓarawo ba ya bukatar haura katanga, sai ya ɗora kayansa a kan ɗan gida ya bi bayansa. Masu neman a rage suna kafa hujja da wannan su ce tsarin ba shi da amfani. Amma akasarin waɗannan dabaru, ko da yake ba duka ba, suna cin tura idan ma'aunin na hawa na sama, domin a can babu wanda ke wucewa sai an tambaya. Ke nan raunin da suke nunawa ya samo asali ne daga ragewar da aka riga aka yi don a faranta musu. Hujjar tasu gaskiya ce, sai dai sama take nuni, ba ƙasa ba.

Haka ma maganar cewa ba iyakar tsaro ba ce. Abin da Microsoft ke ɗauka a matsayin iyaka ta gaske shi ne rabuwar asusu da asusu. Wanda ke aikinsa na kullum da asusun gama-gari, ya ajiye na admin daban da kalmar sirri, ya fita daga hannun waccan dabara ta hawa kan 'yan gida, domin babu babbar shaidar iko a jikinsa da za a sace. Kamfanin da kansa ya nufi wannan alƙibla: a ƙarshen 2024 ya sanar da wani tsari na Windows 11 mai suna Administrator protection, inda ikon admin ke zama a keɓaɓɓen asusu, a buɗe shi na ɗan lokaci da lambar sirri ko fuska ko yatsa, a rufe da zarar aiki ya ƙare.

Sai dai dole a ba masu suka haƙƙinsu a wurare biyu. Na ɗaya, gaskiya ne tambayar ba ta kare takardunka, kuma wanda ya ɗauka tana karewa ya yaudari kansa. Maganin wannan shi ne ajiye kwafin fayiloli a wani faifai da ba ya maƙale da kwamfuta kullum, da sabunta Windows a kan kari. Na biyu, babu hawan da zai ceci wanda ya ƙudurta danna eh. A garuruwanmu, inda tsadar lasisi ta sa manhajojin da aka fasa suka zama ruwan dare, umarnin da ke zuwa da su sananne ne: kashe manhajar tsaro, buɗe a matsayin admin. Wanda ya bi wannan ya miƙa iko da hannunsa ga mutumin da bai sani ba. Ga kuma al'adar miƙa wa mai saye kwamfuta da asusun admin guda ɗaya tilo mara kalmar sirri, wani lokaci ma da kwafin Windows da aka yi wa kwaskwarima aka cire tambayar tun daga tushe. A irin wannan yanayi gardamar hawa na biyu ko na uku ba ta taso ba tukuna.

Matsayata

Ina tare da masu cewa kada a rage, amma da hujjar da na aro daga masu suka. Sun yi gaskiya cewa yawan tambaya na kashe tambaya. Kuskurensu yana wajen magani. Idan akwatin na yawan fitowa, abin bincike shi ne me ke jawo shi. Tsohuwar manhajar da ke neman iko kowace safiya sau da yawa folda ɗaya take son rubutu a ciki, kuma mai ilimin abin na iya buɗe mata wannan folda kaɗai, ko a nemi sabuwar sigarta. Mai gyara na iya buɗe tagar umarni ɗaya da ikon admin ya gudanar da ayyukansa daga ciki, ya amsa sau ɗaya. In ma ya sauke ma'aunin don aiki, amana ce a wuyansa ya mayar da shi kafin ya miƙa na'ura, ya kuma nuna wa mai ita abin da akwatin ke nufi.

Ga mai kwamfutarsa shi kaɗai, hawa na biyu shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi, na sama kuma ya fi, domin 'yan ƙarin tambayoyi ne a wata. Hawa na uku uzuri ne ga na'urar da dushewar allo ke wahalar da ita ƙwarai. Na ƙasa ba shi da gurbi a kwamfutar da ke shiga intanet ko ake soka mata filashi. Ga kwamfutar gida, da ɗakin kwamfuta na makaranta, da shagon da kowa ke zama ya tashi, maganar ma ba ta ma'auni ba ce: a buɗe asusun gama-gari ga masu amfani, kalmar sirrin admin ta zauna a hannun mutum ɗaya da ya san nauyinta. Aikin minti biyar ne a Settings, kuma ya fi kowane hawa amfani.

Abin da ya rage na mai kwamfuta ne. Duk lokacin da allo ya dushe, kafin hannu ya kai ga eh, ya tambayi kansa abu biyu: ni na fara wannan aiki yanzu? Kuma sunan da ke jikin akwatin shi ne na abin da na buɗe? In ɗaya daga cikin amsoshin a'a ce, to a'a zai danna. Wanda ya ƙi bisa kuskure zai sake buɗe manhajarsa cikin daƙiƙa goma, bai yi asarar komai ba. Wanda ya amince bisa kuskure yana iya rasa aikin shekaru da kuɗin asusunsa na banki. Tunda kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba, ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya hana kwamfutarsa tambayarsa ba.